Manya huɗu, yara uku, amma saura ƙiris Auta ta faɗa ruwa

Maman Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da yake cin raina tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu sauƙi. Mun kai yara wurin shaƙatawa na bakin ruwa, irin wanda ake yi a cikin gari, mai ciyawa da lilo da doguwar hanyar tafiya a gefen ruwan. Mu manya huɗu ne: ni, maigida, ƙanwarsa da wata maƙwabciyarmu. Yara uku, babban shekararsa 8, mai bi masa 5, sai Auta da ta cika 3 watan jiya.

Mun yi shimfiɗa a gindin bishiya. Maigida ya tafi sayo ruwan sha, ƙanwarsa tana ɗaukar babban hoto a kan lilo, maƙwabciya tana amsa waya, ni kuma na sunkuya ina ɗaure wa na tsakiyan igiyar takalmi. Ina ɗagowa, babu Auta. Na tambayi ƙanwar maigida, ta ce ai ta zaci tana wurina. Maƙwabciya ta ce ta ɗauka babanta ya tafi da ita.

Can na hango jar rigarta a wasu matakala na dutse da suke gangarawa cikin ruwa. Tana tsugune a mataki na ƙarshe da ruwa bai taɓa ba, ta miƙa hannu tana kiran agwagwa, takalminta ɗaya har ya zame yana yawo a kan ruwa. Matakin da ke ƙasa da ita kore shar da gansakuka. Ban yi ihu ba, don na san in ta firgita ta juyo da sauri shi ke nan. Lallaɓawa na yi na damƙi rigarta ta baya. Sai da na rungume ta sannan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Yanzu maigida ya ce an gama, ba za a sake kai su bakin ruwa ba sai sun girma. Ni kuma ina ganin laifin namu ne, ba na wurin ba. Don Allah wa ya fi gaskiya?

Hajiya Kaka:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa, 'yata. Ni dai ina bayan mijinki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na raini 'ya'ya bakwai, yanzu ina kan jikoki, ban taɓa kai ɗan shekara 3 bakin ruwa da sunan shan iska ba. Filin wasa bai ƙare a duniya ba da sai mai ruwa.

Uwar 'Yan Biyu:
Wallahi ina karantawa tsigar jikina tana tashi. Sannu 'yar uwa. Amma Hajiya, ki yi haƙuri, in aka bi ta wannan ai titi ma ba za a tsallaka da yaro ba.

Baban Hanif:
Maman Auta, ni abin da na ɗauka a labarinki shi ne wannan maganar: "na zaci tana wurinki." Da ke kaɗai kika je da yaran nan uku, na rantse Auta ba za ta yi taku biyar ba ki gani ba. Yawanku ne ya cuce ku. Kowa ya saki jiki saboda ya san akwai wasu idanu shida.

Maman Auta:
Haka ne wallahi, Baban Hanif. In ni kaɗai ce ko banɗaki ba na shiga sai da ita.

Anti Nas:
Sannu Maman Auta. Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ba don in ƙara tayar miki da hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don wayar da kai a kansa.

Abin da yawancin iyaye ba su sani ba: yaro in yana nutsewa ba ya ihu. Mun saba gani a fim mutum yana ɗaga hannu yana kiran a taimake shi. A zahiri bakin yaron yana shiga ruwa yana fitowa, ɗan lokacin da ya samu numfashi yake ja, babu sauran iskar yin kuka. Kina iya ba shi baya taku goma tsakaninku ba ki ji komai ba. Kuma ba sai ruwa mai zurfi ba. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, in ya kifa da fuska a ruwan da bai wuce santimita 5 ba yana iya kasa ɗagowa. Ƙwaƙwalwa kuma in ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska ta fara lalacewa.

Hajiya Kaka:
To kun ji. Ai maganata ce Anti ta faɗa da lissafi.

Anti Nas:
A'a ranki ya daɗe, ban ce kar a je ba. Yawancin ƙananan yaran da ruwa ke ci ba a wurin yawon buɗe ido ba ne, a gida ne ko kusa da gida: bokiti, baho, rijiya, kwata, kududdufi. Wanda ya hana yaro zuwa bakin ruwa ya bar baho cike a tsakar gida bai tsira ba.

Abu Ilham:
Ni fa ina ganin ana zurfafa abin da yawa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In an rubuta abu zai faru, ko a kan gado yaro yake zai faru. A bar yara su sha iska, a daina tsorata mata.

Uwar 'Yan Biyu:
Malam Abu Ilham, in ka ajiye motarka kana kulle ta ko kana barin ta a buɗe ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa?

Abu Ilham:
Hahaha, kin kama ni. Ina kullewa har in dawo in sake taɓa ƙofar.

Uwar 'Yan Biyu:
To Auta ta fi mota.

Mai Koyar da Iyo:
Salamu alaikum. Aikina ke nan, koya wa yara iyo, don haka bari in yi ɗan tsawo.

Abin da Baban Hanif ya faɗa shi ne asalin ciwon, kuma maganinsa ba wuya. Duk inda aka je bakin ruwa da yara, a ɗora wa mutum ɗaya gadi, a kira sunansa kowa ya ji. Wanda ke kan gadi ba ya waya, ba ya hoto, ba ya zuba abinci, ba ya hira mai daɗi. Bayan minti 15 ko 20 ya miƙa wa wani, domin ido yana gajiya, hankali yana tafiya. Kuma miƙawar da baki ake yi: "Na ba ka Auta." Shi kuma ya amsa: "Na karɓa." In bai amsa ba, ba ka sauka ba. Wasu iyalan har hula ko abin hannu suke warewa, wanda yake sanye da shi shi ne mai gadi.

Ga ɗan ƙasa da shekara 5, kallo daga nesa bai isa ba in ana dab da ruwa. Ya zama in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Daga gindin bishiya zuwa matakalar nan da Maman Auta ta faɗa, ko da idonta na kan yarinyar, santsi ya fi gudunta sauri.

Sai maganar da nake yawan faɗa da iyaye a kanta: robobin nan da ake hurawa a sa wa yaro a damtse, da zoben roba mai kan agwagwa. Kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, zoben kuma yana iya kifar da yaro kansa a ƙasa ƙafafu a sama. Abin da ke ceto shi ne rigar kariya ta ainihi mai hana nutsewa, daidai nauyin yaron, mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ki gwada ta haka: ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, in ta haura har kunnuwansa ta yi masa yawa.

Maman Auta:
Malam, mu fa ba iyo muka je ba. Zama kawai muka je yi a kan ciyawa. Sai in sa mata rigar kariya tana yawo a fili kamar mai shirin shiga jirgi?

Mai Koyar da Iyo:
A kan ciyawa nesa da ruwa ba sai kin sa ba. Amma in za ku hau kwalekwalen haya, ko ku taka gadar katakon da ke shiga cikin ruwa, ko ku zauna a gaɓar da ba shinge, ki sa mata ko da mutane za su kalle ki. Kuma ki lura, yaran da suka fi ba mu tsoro su ne waɗanda ba a yi niyyar su shiga ruwa ba. Wanda aka kai iyo ana kallonsa. Wanda aka kai zama ne yake sulalewa.

Af, jar rigar da kika sa mata ta taimake ki. Ja mai haske, ruwan lemo da rawaya su ake hangowa da wuri. Shuɗi da fari da toka-toka ɓacewa suke yi a ruwa.

Baban Hanif:
Ni injiniyan gini ne, ina da wata ɗabi'a da matata ke min dariya a kanta. Duk wurin da muka je sai na zaga na duba shingen bakin ruwa kafin a sauke kaya. Ƙa'idar gini a ƙasashe da dama ita ce tazarar da ke tsakanin sandunan shinge kada ta kai santimita 10, don kada yaro ya zura jiki. In tafin hannuna ya shige a kwance, na san da matsala. Shingen da sandunansa ke kwance kuwa tsani ne aka kafa wa yaro. Kuma kusan kowane shinge yana da inda ya ƙare: wurin matakala, wurin ɗaure kwalekwale, wurin da aka cire don gyara ba a mayar ba. Yaro kamar an aike shi, can zai nufa.

Don haka shimfiɗa ma akwai inda ake yin ta. A sa filin wasan a gaba, manya su zauna tsakanin yara da ruwa. In yaro zai je ruwa sai ya bi ta kanku.

Maman Auta:
Mu kam akasin haka muka yi. Inuwa muka bi, ruwan yana can gefenmu ta hagu.

Amaryar Bana:
Ni ban haihu ba tukuna amma ina koyon darasi. Tambayata, me ya sa ba a sa musu igiyar nan da ake ɗaurawa a 'yar jakar baya? Na ga ana sayarwa.

Hajiya Kaka:
Igiya kuma? Ɗan mutum ne fa, ba ɗan akuya ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Hajiya, da bakina na taɓa faɗin haka, kafin Allah ya ba ni tagwaye. Ranar da Hassan ya yi gabas Husaini ya yi yamma a bakin ruwa, ni kaɗai a tsakiya kamar an dasa ni, ranar na sayi igiya biyu. Masu kallo su kalla. Wata ta taɓa tsayar da ni tana min wa'azi, na ce ta riƙe min ɗaya na minti biyar. Ba ta kai uku ba ta dawo min da shi tana haki.

Amma gaskiya a hanya kawai take da amfani, wurin cunkoso ko gefen ruwa. A filin lilo cirewa nake yi, don tana iya sarƙewa a wani abu ta shaƙe yaro.

Abu Ilham:
Wannan na yarda. Tagwaye sai da dabara.

Maman Sadiq:
Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma ku yi haƙuri iyayenmu maza da ke zauren nan. Maigidan Maman Auta ya ce ba za a sake zuwa ba. To shi ina yake lokacin? Sau da yawa in an fita, uwa ce mai jaka, mai goge hanci, mai kai wannan banɗaki, mai raba faɗa, shi kuma uban ya zo hutawa ne. In abu ya faru sai a kafa doka. Dokar ba ta taɓa shi, yaran da uwar ne za su zauna a gida.

Baban Hanif:
Maman Sadiq, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma bawan Allahn nan ruwa ya je sayo musu, ba barci ya yi ba.

Maman Sadiq:
Ban ce ya yi laifi da ya tafi ba. Da zai tafi ya ce wa wani "ga Auta nan"?

Maman Auta:
Kar ku yi faɗa a kaina don Allah. Gaskiya bai faɗa ba, amma ni ma ban faɗa ba da na sunkuya. Kuma tsoro ne ya sa shi kafa dokar. Daren ranar sau biyu ina farkawa in gan shi tsaye a kan gadonta.

Shugabar Zaure:
A ci gaba da muhawara amma banda jifan juna. Maganar maza da mata a ajiye ta, a koma kan yara.

Anti Nas:
Bari in ƙara abu biyu tunda an zo nan. Na farko, in yaro ya ɓace a irin wannan wuri, ruwa ake fara dubawa. Ba wurin mai sayar da balan-balan ba, ba wurin mota ba. In yana wurin balan-balan zai jira ku, in yana ruwa ba zai jira ba.

Na biyu, in Allah ya kiyaye an ciro yaro ba ya numfashi. Kar a ɗaga shi ta ƙafa a zazzage, kar a danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya koma huhu. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, wani ya kira motar asibiti nan take, a ɗan ɗaga haɓarsa a hura masa iska baki da baki sau 5, ana ganin ƙirjin yana tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya zo ko ya fara numfashi. Rashin iska ne matsalar wanda ya nutse, shi ya sa hurawar take da muhimmanci. Kuma ko ya farfaɗo yana wasa, in ya shaƙi ruwa a kai shi asibiti, musamman in yana tari, ko numfashinsa na sauri, ko barci na ɗibarsa. Rubutu ba ya koyar da wannan yadda ya kamata, duk mai hali ya nemi inda ake koyar da taimakon gaggawa ya gwada da hannunsa.

Mai Koyar da Iyo:
Ƙari a kan na Anti: wanda bai iya iyo ba kada ya yi tsalle ya bi yaro cikin ruwa mai zurfi, gawa biyu ake samu. A miƙa sanda, ko mayafi, ko a jefa zoben ceto. Wuraren da aka tsara da kyau suna rataye shi a jikin shinge, in kun isa ku nemi inda yake. Ruwan cikin gari yana da ruɗi, samansa lumui, ƙasansa laka da ƙarafa, gaɓarsa kuma sau da yawa bangon siminti ne miƙe, babu inda za ka dafa ka fito. In kuma bakin teku ne ko kogin da ke haɗe da teku, ruwan yana cika yana janyewa kusan sau biyu a rana. Matakin da kuka gani a bushe da hantsi yana iya nutsewa kafin la'asar.

Amaryar Bana:
Ni wallahi kun sa na ji tsoron wurin gaba ɗaya.

Uwar 'Yan Biyu:
Kar ki ji, ƙanwata. Mu kusan duk wata muna zuwa, kuma babu inda yarana ke so kamarsa. Yaron da ya tashi a gidan haya mai ɗaki biyu, bai taɓa ganin abin da ya fi tsakar gida faɗi ba, ki ga fuskarsa ranar da ya fara ganin ruwa ya miƙe har inda ido ya tsaya. Husaini ya yi minti goma bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni wa ya bar famfo a buɗe. Suna ƙirga jiragen ruwa, suna jifa da tsakuwa su ga da'irar da take yi, su dawo gida su yi barci tun kafin a cire musu takalmi. Wannan barcin kaɗai ya isa lada.

Abin da na koya: mu je da sassafe, mu tashi kafin rana ta take. Awa biyu ta ishi ƙaramin yaro, in aka wuce haka rigima ce. Ruwa yana mayar da hasken rana, sai yaro ya ƙone kina ganin kamar akwai iska mai sanyi. Sulun ƙarfe kuma ki taɓa da bayan hannunki kafin ki ɗora shi. Kayan canji cikakku, har takalmi. Sannan kafin mu fita ina ɗaukar su hoto da kayan da ke jikinsu, in rubuta lambar wayata a hannun kowa da biro.

Anti Nas:
Kuma kar a bar su su tsoma ƙafa a ruwan da ba a ce na wanka ba ne. Ruwan cikin gari kwatoci na zuba a ciki, musamman bayan ruwan sama. A ƙasashe masu zafi kuma ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, ba sai an sha ba.

Abu Ilham:
Saura agwagin da suka jawo duk wannan. Mu burodi muke kai musu.

Baban Hanif:
Malam, daina. Burodi cika musu ciki yake yi ba amfani, ragowar kuma ta ruɓe a ruwa ta jawo ɓeraye. Kuma shi ke sa su saba da mutane har su riƙa jan yara zuwa gaɓa. Dinya ma in tana da 'ya'ya sai ta kai wa yaro sara.

Hajiya Kaka:
Na karanta duka. Ban canja ra'ayi a kan ɗan shekara 3 ba, amma maganar "na ba ka, na karɓa" ta shige ni. Yau da safe na sa an kifar da bahon da ke bayan ɗakin girki.

Maman Auta:
'Yan uwa, na dawo da labari bayan sati biyu. Na nuna wa maigida duk abin da kuka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada sau ɗaya, in bai gamsu ba an rufe maganar. Jiya muka koma, mu biyu kawai da yaran, ba mu gayyaci kowa ba. Shi ya zaga ya duba shinge kamar yadda Baban Hanif ya ce, ya dawo yana faɗa wai akwai wuri biyu da aka cire sanduna. Hular babban muka mayar ta gadi, ta yi wa maigida kaɗan, tana zaune a ƙoƙon kansa kamar murfin kwano. Sau ɗaya na kama shi ya zaro waya yana sanye da ita, kafin in yi magana na tsakiyan ya ce, "Baba, kai ne mai hula." Ya mayar da ita aljihu.

Auta ta ja ni har matakalar nan, na riƙe hannunta muka tsaya daga sama. Ba agwagwa take nema ba ashe, takalminta take tambaya.

Uwar 'Yan Biyu:
Hahaha, Allah sarki Auta. Me kika ce mata?

Maman Auta:
Na ce agwagwa ta ara. Yanzu kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta dawo da shi.